Kawu Sunfiyawa, Mai Datse Bakin Kaji

Ina 'yar shekara goma na fara jin sunan, kuma cikin faɗa ya zo mini. Mu huɗu ne a ɗaki ɗaya, duk mata, fankarmu ɗaya, irin mai tsayuwar nan, wuyanta ya karye an ɗaure shi da tsumma. Ranar ana wani irin zafi da ko bango ka dafa sai ka janye hannu. Ƙaramar cikinmu tana da ciwon ƙirji, iskar fanka na tayar mata da tari, sai ta lallaɓa ta kashe. Na tashi na kunna. Ta sake kashewa. Na kunna, na tsaya a gaban fankar na riƙe ƙugu na ce, "Mu uku muna so, ke kaɗai ce ba kya so. Mun fi yawa."

Keken ɗinkin Mama yana ta ƙara a tsakar gida, sai na ji ya tsaya cak. Ta ɗaga labule, almakashi a hannunta.

"Wa ya ce mun fi yawa?"

Sauran biyun suka nuna ni da baki, munafukai.

"Kashe fankar nan. Sunfiyawa ɗaya ya ishi dangi, ba zan raini na biyu a ɗakina ba."

Ba ta dake ni ba. Da dukana ta yi, da tuni na manta. Na daɗe ina zaton Sunfiyawa wani abin tsoro ne da ake razana yara da shi. Sai da na shiga sakandare na gane mutum ne, yayan Mama ne uwa ɗaya uba ɗaya, yana nan da ransa a ɗaya gefen garin, kuma shekara ashirin da wani abu ba ta taka ƙofarsa ba.

Da Kaka ta rasu, ni aka miƙa wa gwangwanin hotunanta, don ni ce mai yawan tambaya a gidan, kowa ya gaji da ni. A ciki na ga wani hoto da aka ɗauka a ƙofar wani gidan haya. Ga Kaka a zaune, ga wani dogon mutum a bayanta ya haɗe rai, ga Mama tana budurwa. Tana riƙe da wuyan hannun wani saurayi wanda fuskarsa ba ta fito ba, don ya juya kai daidai lokacin da aka ɗauka. Bakinsa a buɗe yake.

Na kai wa Mama. Ta duba sau ɗaya ta mayar da ido kan ɗinkinta.

"Auta ne."

"Autan wa?"

"Autanmu. Je ki tambayi wanda ya san inda ya kai shi."

Ba da gaske take ba, amma ni na ɗauka da gaske. Na gane Kawu Sunfiyawa take nufi, dogon nan na cikin hoton, na bincika aka ce mini a wata gonar kaji yake aikin yanke wa kaji baki. Mota biyu na shiga, na sauka a tashar ƙarshe, na bi wata doguwar katanga da ƙafa. Warin gonar kajin ne ya fara tarbata tun ban ga ƙofar ba. Maigadi ya sa na tsoma takalmina a wani ruwan magani da ke cikin daro, sannan ya tambaye ni wa nake nema. Na rasa wane suna zan faɗa, sai na ce dattijon da ke yanke wa kaji baki.

"Au, wanzamin kaji! Bi nan, in kin ji ƙaurin gashi kin iso."

Ƙaramin ɗaki ne mai taga ɗaya. Kwanduna cike da 'yan tsaki a hagunsa, wasu kwandunan a damansa, shi yana tsakiya a kan kujera 'yar tsugunno. A gabansa akwai wani inji mai faɗin akwatin rediyo, da 'yar wuƙa a jiki wadda lantarki ya gasa ta yi ja. Yakan ɗauko ɗan tsako da hannu ɗaya, babban yatsa a ƙeyarsa, manuni a ƙarƙashin wuyansa, ya kai tsinin bakin kan wuƙar, ya danna da ƙafa. Sai ka ji "tsss", ɗan hayaƙi ya tashi, ya jefa shi dama, hannunsa ya riga ya koma hagu. Bai tsaya don na shigo ba. Ya dai ɗago ido.

"Ke 'yar wace ce? Tsaya, kar ki faɗa. Wannan goshin namu ne, ba a sayen irinsa a kasuwa. 'Yar tela ce."

Na durƙusa na gaishe shi.

"Ita ta aiko ki?"

"A'a, Kawu."

"Na sani. Tambaya dai na yi."

Na zauna a kan wani buhu ina kallo har kwando ɗaya ya ƙare. Waɗanda aka gama da su sun taru a lungun kwandon, ba sa motsi sosai, wasu suna girgiza kai. Na ce, "Kawu, ba ya yi musu zafi?"

"Kawo yatsanki ki ji."

Na ɓoye hannuna a bayana, ya yi dariya har da tari.

"Yana yi mana. Kwana biyu ba za su ci abin kirki ba. Wasu har su mutu ba sa iya ɗaukar tsaba ɗaya daga ƙasa, sai an tula musu. Taso ki ga dalili."

Ya kai ni ɗakin manyan kaji. Tsawonsa ya kai in ka tsaya a wannan ƙofar ba ka gane fuskar wanda ke waccan. Keji ne hawa uku, dama da hagu, kowane ɗaya kaji biyar, kawunansu a waje suna ci, ƙwai na gangarowa gaba. Sai da ya ɗaga murya kafin in ji shi. Ya ce akwai shekarar da aka ce a gwada barin bakin yadda yake. In ɗaya ta ɗan ji rauni, sauran huɗun suka hango jan jini, shi ke nan, za su yi ta caccakar ta daga baya har hanjinta ya fito, tana tsaye da ranta, ba inda za ta gudu. Ya ce da hannunsa ya taɓa kwashe saba'in a safiya ɗaya.

"To ga shi nan. Zafin ƙiftawar ido ga dubu goma, ko irin waccan mutuwar ga ɗari biyar. Wanne ya fi nauyi? Kin yi boko, faɗa mini."

Na ce ban sani ba.

"Ni da can na sani," in ji shi.

Na ce to me zai hana a buɗe su su yi yawonsu. Ya ce in aka buɗe su ƙwai zai yi tsadar da mamana ba za ta iya saya mana ba, kuma yara nawa ne suka ci ƙwai yau da safe a garin nan? Su ma ai sai a ɗora su a sikelin. A hanyar fita ya zaro kaza ɗaya ya nuna mini yadda ake gane lafiyarta. Ya shafa ƙashin ƙirjinta ya ji ko akwai tsoka, ya duba jan zankon da ke kanta, ya buɗe idonta, ya taɓa wuyanta ya ji ta ci. Sannan ya kasa kunne. Ya ce ɗakin da ke lafiya ƙararsa a kwance take, in ka ji kururuwa to da matsala. Shi kuwa manajan gonar ko wannan wahalar ba ya sha. A wurinsa in dai suna ƙwai to suna jin daɗi, magana ta ƙare.

Ban fito da hoton ba ranar. Sai a zuwa na uku, lokacin hutunsa na rana, muna zaune a inuwar tankin ruwa yana tsoma burodi a shayi. Ya karɓa da yatsun nan nasa da wuta ta cinye wa zane, ya daɗe yana kallo.

"Ko a hoto bai tsaya ba," ya ce.

Abin da ya ba ni a ranar da sauran ranakun, ga shi a haɗe. An haifi Auta da ƙwaƙwalwar da ba ta girma tare da jikinsa ba. Bai taɓa furta kalma ba. Abin da yake da shi ihu ne, dogo, mai ratsa bango, yana farawa tun kafin gari ya waye, kuma yana iya ɓarkewa da shi kowane lokaci. Da yana ƙarami ana ɗaukarsa a rarrashe shi. Da ya kai sha bakwai ya fi kowa ƙarfi a gidan. Ya ɓalle ƙofar banɗaki sau biyu. Wata rana ya ture Kaka, ba da nufi ba, ta faɗi ta karye a hannu. Su goma sha ɗaya ne a ɗaki uku, mahaifinsu ya rasu, Kawu ne babba. Matarsa tana da jaririya wadda ba ta samun barcin awa ɗaya a jere. Ƙannensa biyu suna shirin jarrabawa. Maƙwabta sun kai ƙara wurin mai gidan, mai gidan ya ce ko Auta ko su duka.

Sai Kawu ya tara su a tsakar gida, ya ƙirga su da yatsu, ɗaya bayan ɗaya har da jaririyar. Goma a nan, ɗaya a can. Ya ce ya sami wani gida da ake kula da irinsu Auta, tafiyar rabin yini, ya je ya gani da idonsa, akwai gado, akwai tsabta, abinci sau uku. Kowa ya sunkuyar da kai. Mama ce kaɗai ta ce ba ta yarda ba, tana 'yar sha tara a lokacin, ita ce mai yi masa wanka da ba shi abinci. Kawu ya ce mata, "Ke kaɗai ce. Sun fi yawa." Daga ranar ba ta ƙara kiransa Yaya ba, kuma sunan da ta laƙaba masa ya bi dangi har ya shafe na yanka.

"Ban jefar da shi ba," in ji Kawu. "Duk ƙarshen wata ina zuwa. Ko sau ɗaya ban fasa ba, ki tambayi kowa."

"In ka je me kake yi?"

"In duba shi mana."

Ya ajiye kofin, ya nuna mini a jikinsa. Ya matsa damtsensa, ya shafa haƙarƙarinsa, ya ja fatar idonsa ƙasa. Ya ce daga nan sai ya leƙa kwanon Auta ya ga ko ya cinye, sannan ya tambayi masu kula da shi ko yana ihu. A wata na uku suka ce ya daina. Ya yi ƙiba, fatarsa ta yi kyau, yana zaune a bakin gado, hannuwa a cinya. Kawu ya dawo gida da murnarsa ya ba da labari.

Yana nuna mini, ni kuwa ina ganin hannun nan a ƙirjin kazar da ya zaro rannan. Shi ma ya san abin da na gani.

"Amma ki ji sauran," ya ce. "Hawan jinin kakarki ya sauka. Yaran nan biyu sun ci jarrabawarsu. Jaririyar ta yi ɓulɓul. Matata ta daina kuka a banɗaki. Wannan ma ba ƙarya ba ne. In rubutawa kike yi, ki sa shi."

Ga shi na sa.

Shekara biyu da wata huɗu Auta ya yi a can. Wata safiya aka same shi a zaune a bakin gadon, ya jingina da bango, ya cika. Likita bai ga wata cuta ba. Masu kula da shi suka yi wa Kawu ta'aziyya, suka ce ba su taɓa samun mai sauƙin riƙo irinsa ba. Kawu ya ce a lokacin wannan maganar ta sanyaya masa rai, ya riƙe ta shekara tara yana jin ya yi abin da ya dace.

Abin da ya ƙwace masa ita kaza ce. A hawan ƙasa take, can ƙarshen layi inda haske bai cika kaiwa ba. Kejin kaji biyar, kullum ƙwai biyar ko huɗu, babu dalilin da zai sa a durƙusa a leƙa. Wata rana tsintsiyarsa ta maƙale a wurin, ya durƙusa, sai ya ga ɗaya a kwance. Ya sa hannu zai zaro ta, ta ƙi fitowa. Ashe ƙafarta ta karye tun tuni, ta kwanta a bakin mazubin abinci, faratanta suka yi ta girma har suka naɗe wayar da take kai. Sai da ya kawo filaya ya yanke su. Ya ce aƙalla ta yi wata biyu ba ta motsa daga wurin ba.

"Na shafa ƙirjinta, tsoka cike. Zanko ja wur. Ta ci ta ƙoshi. Ba ta kuka. Ga ƙwanta na safiyar nan da ɗuminsa. Duk abin da nake dubawa, 'yar nan, ta cika shi. Da a ce a ba ta maki ne, ita ce ta ɗaya a ɗakin."

Ya ce ya zauna a ƙasa cikin kashin kaji da ita a cinyarsa, bai san tsawon lokacin ba. Da ya kai wa manaja, manaja ya ce, "Tana ƙwai?" Ya ce tana yi. Manaja ya ce to a mayar da ita.

Na tambaye shi me ya sa bai bar aikin ba tun daga ranar.

"In na bari wani za a kawo. Hannunsa bai kai nawa ba, zai riƙa ƙona musu harshe. Ni in ɓata ɗaya a dubu, shi ya ɓata hamsin, kin ga ke nan..." Sai ya tsaya, ya dube ni, ya yi 'yar dariya. "Kin ji ko? Na sake. Ba ni da wani kan sai wannan."

Ban faɗa wa Mama ina zuwa ba, amma warin gonar ba ya ɓuya. Wata yamma na shigo tana yankan yadi a kan tabarma, ta ja hanci, ba ta ɗago ba.

"Kin je ke nan."

"Na je, Mama."

"Ya ce miki ya yi ƙiba."

"Ya ce."

"Ya ce miki ya daina ihu."

Ta ci gaba da yanka, kamar da yadin take magana. Ta ce ihun Auta ba iri ɗaya ba ne. In ta zuba masa ruwa a kai lokacin wanka, ihu. In tsuntsaye suka tashi gaba ɗaya daga kan wayar lantarki, ihu, har da buga ƙafa. In ya ji motsinta ta dawo daga aike, ihu. In haƙorinsa na ciwo, shi ma ihu. Mutanen gidan duk abu ɗaya suke ji, wai Auta ya fara. Ba shi da wata dariyar sai wannan, ba shi da wani kukan sai wannan.

"Ke kina rarrabewa, Mama?"

"Wani lokaci. Kar in yi miki ƙarya, wani lokaci ne. Na taɓa wuni ina taya shi murna, ashe ƙusa ce a tafin ƙafarsa."

"Kin faɗa wa Kawu?"

"Na ce kar a kai shi. Sauran ban san yadda ake faɗinsa ba, yarinya ce ni. Shi ya zo da yatsu goma, ni me zan ɗaga?"

Ta ce sau ɗaya ta je gidan da aka kai Auta, a ɓoye, bayan shekara guda. Ta same shi a bakin gadon. Ta kama hannunsa ta ja shi wurin famfo, ta cika tafinta da ruwa ta zuba masa a kai. Ruwan ya gangaro masa ta fuska. Ya dube ta, bai yi ko tari ba. Ta ce har yau ba ta sani ba, ko maganin da suke ba shi ne, ko fushi yake da ita, ko kuwa da gaske hankalinsa ne ya kwanta, ita ce ba ta so ta yarda.

Ta ajiye almakashin.

"Ranar da aka tafi da shi na yi barci har rana ta take. Barcin da ban taɓa yin irinsa ba tun ina 'yar shekara tara. Na tashi jikina sakayau, na ji daɗi kafin in tuna dalili. Wannan barcin ne ban yafe wa kawunki ba. Ya ƙirga ni a cikin goman, kuma bai yi kuskure ba."

Daga nan ta ce in ɗauko mata alli, ba mu ƙara tayar da maganar ba.

Na ci gaba da zuwa wurin Kawu da wannan a cikina. Sau da yawa na buɗe baki zan faɗa masa, sai in tsinci kaina ina aunawa: in ya ji, zai sami amsar da yake nema, amma amsar za ta iya kayar da shi; in bai ji ba, zai ci gaba da tambaya, tambayar ma tana cin sa. Wanne ya fi? Sai in ga ni ma na ɗauko sikelin, kuma nawa ko lamba babu a jiki. In haɗiye, in tambaye shi wani abu daban.

Bayan shekara biyu aka fara kawo 'yan tsakin a datse tun daga inda ake ƙyanƙyashe su. Wani sabon inji ne yake yi da haske, ba wuƙa, ba hannun mutum. Manaja ya ce wannan ba ya zafi ko kaɗan. Kawu ya ce, "Wacce daga cikinsu ta faɗa maka?" Aka yi dariya, aka ba shi agogon bango, aka sallame shi. Shekara talatin da huɗu ya yi a gonar. Ƙurar gashin kaji ta riga ta cika masa ƙirji, in ya hau matakala uku sai ya tsaya ya huta.

Ya koma gidan babbar 'yarsa, wani ɗaki a bayan shagon masu walda, inda ƙarar ƙarfe ba ta yankewa daga safe zuwa yamma. Ita ce jaririyar nan da ba ta samun barci. Yanzu ma'aikaciyar jinya ce, mai fara'a, da 'ya'yanta uku. Ita ke dafa masa ruwan zafi, ta gyara masa matashi, ta yi masa faɗa in ya ƙi shan magani. Ba ta san an taɓa ɗaga yatsa ɗaya dominta ba. In ta fita daga ɗakin yakan bi ta da kallo, wani lokaci fuskarsa ta saki, wani lokaci ta ƙara ɗaurewa.

Kullum da safe takan dafa masa ƙwai ɗaya. Na yi mamakin yana ci, na faɗa masa.

"In na ƙi ci, wahalarta ta tafi a banza ke nan," ya ce yana ɓare shi. "Ke dai ba a raba ki da tambaya. Wanda zai aure ki ya shiga uku."

"Kai na gado, Kawu."

"A'a, ni amsa ce ta yi mini yawa. Da tambaya na gada da ban kai nan ba."

Ya rasu wata Laraba da hantsi, masu walda suna ta aikinsu. Mama ta zo bayan an kira ta. Ta shiga ɗakin, ta tsaya a kansa, ta daɗe tana kallon hannunsa na dama. Ta ce, "Yaya," sau ɗaya, a hankali, ta ja mayafin ta rufe hannun. Ban ga hawayenta ba. A mota muna dawowa ta ce mini ƙafarta na ciwo, shi ke nan abin da ta ce har gida.

Dangi sun rabu biyu a kansa har gobe. Waɗanda suka ci jarrabawar suna cewa shi ya ceci gidan. Wasu suna cewa mutumin da ya wuni yana ƙona bakin 'yan tsaki ba a yi mamakin abin da ya yi wa ɗan'uwansa ba. In suka juyo kaina, don ni ce na zauna da shi, sai in ce musu ban sani ba, kuma ba don in kauce ba ne.

Duk zaman da muka yi, abu ɗaya ya taɓa roƙo na. Saura mako uku ya rasu, na je na same shi a zaune a bakin gado, 'yarsa ta fita aiki. Na gyara masa ɗakin, na yi masa sallama, har na kai ƙofa ya kira ni. Ya jira ƙarar ƙarfen ta ɗan lafa, don muryarsa ba ta fita sosai. Na amsa masa da "To, Kawu", na fita, kuma ban koma da komai ba. Ga abin da ya ce:

"'Yar nan, ki yi mini wani abu. Ba cewa na yi ki kawo ta ba, na san ba za ta zo ba. Ki dai tambayar mini mamanki, ki yi kamar ke ce kike son sani. Ni na san yadda Auta yake yi in abu ya dame shi, duk unguwa ta sani. Ki tambaye ta, in ya ji daɗi fa, yaya yake yi? Ko wata 'yar alama ce, ko da hannu, ko da ido. In ta faɗa miki ki zo ki faɗa mini, in zauna in tuna ko na taɓa ganin ya yi ta a can."